Daren da na koyar da darasin hanji a tsakar gida: yadda kwalara ke ruɗa jiki, da dalilin da ya sa gishiri da sukari ke ceto

Bayan sallar isha'i ne yayata ta aiko a kira ni, a wani dare na ƙarshen daminar 2024. Na tarar da ɗanta mai shekara tara kwance a kan angarib a tsakar gida, an ajiye masa roba a ƙasa. Tun la'asar yake zawo, kuma ba irin zawon da muka saba gani ba: fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, babu jini, babu zazzaɓi. Idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe. Na tsunkuli fatar cikinsa na saki, sai ta yi jinkirin komawa. Amma yana gane mutane, kuma yana neman ruwa.

Ƙauyenmu na Hausawa ne a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Ni malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a Wad Madani, yaƙi ya koro ni gida a Disambar 2023. A wancan lokaci Sinja tana hannun dakarun RSF tun ƙarshen Yuni, hanyar Jabal Moya a rufe, magani ya yi wuya, kuma babu mai fita da mota da dare. A watan Agusta ma'aikatar lafiya ta riga ta sanar cewa kwalara ta ɓarke a ƙasar.

Na sa aka tafasa ruwa, na auna lita ɗaya da robar ruwa guda biyu masu rabin lita, na zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Ina cikin motsawa sai Gwaggo ta riƙe mini hannu.

“Kai Ustaz, ka ji tsoron Allah. Yaro na zubar da ruwa kai kuma kana ƙara masa? Ba ka ga abin da ya sha shi ne yake fitowa ba? A bari cikin ya huta, gari ya waye a kai shi a sa masa dirib.”

Na ce, “Gwaggo, in muka jira gari ya waye ba mu ba shi komai ba, ƙila ba mu da wanda za mu kai.”

Maganar Gwaggo tana da hankali a zahiri, kuma mutane da yawa haka suke gani. Abin da ya hana ni bin ta shi ne wani darasi da na yi shekaru ina rubutawa a allo don yara su ci jarrabawa, ban taɓa tsammanin zan dogara da shi a kan ran ɗan gidanmu ba. Shi nake so in bayyana wa mai karatu a nan, da Hausa, yadda na yi wa mutanen gidanmu a daren.

Baƙo a zaure, yaro a cikin gida

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace da tantanin da ya zagaye ta kamar katanga. Waɗannan ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai da ke yawo a cikin jini, irin waɗanda ake kira homon. In kare ya biyo ka ka tsorata, sinadarin adirenalin ne ke zagawa yana cewa a ƙara bugun zuciya, a fito da sukari don gudu.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, adirenalin ba ya shiga cikin ƙwayar. A bakin katanga yake tsayawa. To yaya aka yi na ciki suke jin saƙon?

Duk Bahaushe ya san amsar, domin haka gidajenmu suke. Baƙo namiji ba ya faɗawa cikin gida. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, sai a tashi yaro ya ruga ciki ya ce a kawo ruwa, a shimfiɗa tabarma, a ɗora abinci. Baƙon shi ne ɗan aike na farko. Yaron shi ne ɗan aike na biyu, kuma da wannan sunan masana suke kiran sa har yau.

Wanda ya gano yaron shi ne Earl Sutherland, tare da abokin aikinsa Theodore Rall, a birnin Cleveland na Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Sun niƙa hanta, suka raba gutsattsarin tantani daban, ruwan cikin ƙwaya daban. Da suka zuba adirenalin a ruwan cikin shi kaɗai, babu abin da ya faru. Da suka zuba shi a kan gutsattsarin tantanin, sai wani ƙaramin sinadari ya samu, wanda ko an tafasa shi ba ya lalacewa. Suka ɗauki wannan sinadarin suka zuba a ruwan cikin, sai aikin fito da sukari ya kama, ba tare da adirenalin ɗin ba. Sinadarin shi ne ake taƙaita sunansa da cAMP. A 1971 aka ba Sutherland kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Masu aikin da ke tsakani

Daga sallamar baƙo zuwa ɗora tukunya akwai ma'aikata a jere, kuma yawancinsu inzayim ne. Inzayim wani furotin ne da ke gaggauta wani aiki guda a jiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. In ka daɗe kana tauna gurasa ka ji ta soma zaƙi, inzayim ɗin da ke cikin miyau ne ya soma mayar da ita sukari.

Ga yadda jerin yake. A jikin katangar akwai mai karɓar sallama, kowane baƙo da nasa. In baƙon ya zo, mai karɓar ya taɓa wani furotin da ke maƙale ta ciki, ana ce masa furotin G. Shi kuma ya tashi wani inzayim mai suna adenilet saikiles, wanda aikinsa shi ne ƙera cAMP daga sinadarin ATP, wato man da ƙwaya ke aiki da shi. Sai cAMP ya bazu a ciki ya tashi wani inzayim, kaines A, wanda ke bi yana liƙa wa sauran furotin wani ɗan tambari na fosfet. Wanda aka liƙa wa tambari, ko ya kama aiki ko ya tsaya. Edwin Krebs da Edmond Fischer sun sami Nobel a 1992 a kan wannan tambarin, Alfred Gilman da Martin Rodbell kuma a 1994 a kan furotin G.

Me ya sa ba a taƙaita jerin ba? Saboda a kowane mataki saƙon yana ninkuwa. Baƙo ɗaya yana tashin furotin G da yawa, kowane inzayim yana ƙera cAMP masu ɗimbin yawa, har ya zama ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a cikin jini ya motsa hanta gaba ɗaya.

Sai kuma abu mafi muhimmanci ga labarinmu: saƙon yana da makashi. Furotin G yana da agogon kansa, in ya ɗan yi aiki sai ya kashe kansa ya koma ya kwanta. Akwai kuma wani inzayim, fosfodayestares, wanda ke bi yana share cAMP ɗin da aka ƙera. Baƙo ya tafi, yaro ya daina kai da kawowa, gida ya koma yadda yake.

Wannan tsarin yana aiki a jikinka kullum. In kana azumi, da rana ta yi nisa sukarin jini ya soma raguwa, homon mai suna gulukagon ne ke yi wa hanta sallama, cAMP ya isar da saƙo, hanta ta buɗe rumbunta. Ƙishirwa ta kama ka, wani homon ya yi wa ƙoda sallama ta wannan hanyar, ta tsimi ruwa, shi ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi duhu. Mai asma da ƙurar habub ta tayar masa, in ya shaƙi salbutamol, cAMP ne ke ƙaruwa a tsokar hanyar numfashi ta saki. Yaron aike ɗaya ne, amma kowane gida da abin da ake yi in ya shigo.

Abin da kwalara ke yi

A hanji, saƙon cAMP shi ne a buɗe ƙofar gishiri. A kullum ruwa kimanin lita 8 zuwa 9 ne ke bi ta hanjin babban mutum, wanda ya sha da wanda jiki ya zubo don narkar da abinci, kuma kusan duka hanji ke sake tsotse shi. Ana buɗe ƙofar kaɗan, a rufe.

Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini, ba ta kuma cinye hanji. Tana zama ne a kan bangon ƙaramin hanji tana fitar da dafi. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ne ya tabbatar da haka a Kalkata a 1959: ya tace ƙwayoyin ya raba su da ruwan da suka girma a ciki, ya zuba ruwan kawai a hanjin zomo, hanjin ya cika tim da ruwa. A cikin shekarun 1970 aka gano yadda dafin ke aiki.

Dafin kashi biyu ne. Kashi ɗaya yatsu biyar ne da ke kama katangar ƙwayar hanji har a shigar da shi ciki. Ɗaya kashin shi kansa inzayim ne, kuma aikinsa guda: ya je wurin furotin G ya liƙa masa wani abu da ke lalata agogon nan nasa. Daga nan furotin G ba ya iya kashe kansa. Adenilet saikiles ya yi ta ƙera cAMP ba dare ba rana, har mai sharewa ya kasa. Kaines A ya liƙa wa ƙofar kulorayid tambari, ƙofar ta tsaya a buɗe. Kulorayid, wato rabin gishirin da muke ci, ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. A lokaci guda babbar hanyar da hanji ke tsotse gishiri ta toshe.

Duk wanda ya yi aikin hawasha a Jazira ya san wannan hoton. Gafir yana buɗe bakin tur'a ruwa ya shiga abu-ishirin, in gona ta sha ya rufe. Ka ce wani ya zo ya karya makullin a buɗe. Tur'ar lafiyarta lau, gonar ma lafiyarta lau, amma ruwa ba zai tsaya ba. A kwalara mai tsanani babban mutum na iya zubar da ruwan da ya kai lita ɗaya a awa ɗaya. Jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya, zuciya ta rasa abin turawa. Mutum ya wayi gari lafiya, kafin dare an yi masa sutura.

Daga nan za a fahimci abu biyu. Na farko, maganin kashe ƙwayar cuta yana da amfani, yana rage kwanakin ciwon da yawan zawon, amma ba ya gyara makullin da aka riga aka karya. Waɗannan ƙwayoyin hanjin sai sun tsufa sun zube, sababbi sun maye gurbinsu, kuma wannan kwanaki kaɗan ne. Na biyu, hana mara lafiya ruwa ba ya rage zawon, domin ruwan da ke fita daga jininsa ake ɗebo shi, ko ya sha ko bai sha ba. Aikin mai jinya shi ne ya riƙe shi da rai har hanji ya sabunta kansa.

Ƙofar da dafin bai taɓa ba

To in hanyar tsotse gishiri ta toshe, yaya ruwan da aka sha zai shiga jiki? A nan rahamar take. A 1960 wani masani mai suna Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana da wata ƙofa daban, wadda ba ta shigar da sukarin gulukos sai tare da sodiyam, ba ta kuma shigar da sodiyam sai tare da gulukos. Sai sun zo tare take buɗewa, in sun shiga ruwa ya bi su. Dafin kwalara ba ya rufe wannan ƙofar.

Shi ya sa ruwan gishiri shi kaɗai ba ya yi, ruwan sukari shi kaɗai ma ba ya yi. Shi ya sa kuma awo yake da muhimmanci. In sukari ya yi yawa, kamar a lemon kwalba ko shayi mai zaƙi, sai ya jawo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara zawon. In gishiri ya yi yawa yana iya illata yaro. Haɗin da ya yi daidai bai fi hawaye gishiri ba.

An gwada wannan a cikin halin da ya yi kama da namu. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon ta Indiya, ruwan dirib ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka haɗa gishiri da gulukos a cikin manyan durom, ya ba 'yan uwan marasa lafiya kofuna su riƙa ba su. Mace-macen da suke kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4. Ambulan ɗin ORS da ake rabawa a yau jikan wancan durom ɗin ne, kuma ya fi haɗin gida domin yana ɗauke da sitret da kuma fotasiyam, wanda zawo ke kwashewa har ƙafafu su riƙa ɗaurewa.

Yadda daren ya ƙare

Ban yi wa Gwaggo bayanin furotin G ba. Na ce mata, “Gwaggo, makullin tur'a ne ya karye. Ba za mu iya rufe shi yau ba. Amma akwai wata ƙaramar ƙofa da muke iya mayar da ruwan ta ciki.” Ta yi shiru, can ta ce, “To Allah Ya sa ka san abin da kake yi.” Ita ce ma ta karɓi cokalin.

Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ga wanda ya soma bushewa amma yana iya sha ita ce mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa a cikin awa huɗu, sannan a ƙara kofi bayan kowane zawo. Ga yaronmu wannan ya kusa lita biyu. Muka riƙa ba shi cokali-cokali, kurɓi-kurɓi. Sau uku ya yi amai, kowane lokaci yayata ta dube ni, ni kuma in ce a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Zawon bai tsaya ba, kuma na gaya musu tun farko kada su sa ran zai tsaya a daren. Abin da nake jira daban ne. Gab da kiran assalatu yaron ya ce zai yi fitsari. Ban taɓa ganin an yi wa fitsari hamdala irin ta ranar ba. Ƙoda ta dawo aiki.

Da gari ya waye muka ɗora shi a karo zuwa cibiyar lafiya, muna ba shi a hanya. Aka ba shi maganin ƙwayar cuta da zinki da ambulan ɗin ORS. A kwana na huɗu yana zaune yana neman kisra.

A makon ne kuma muka yi jana'izar wani dattijo maƙwabcinmu, masunci, mutum mai ƙarfi. Iyalinsa sun yi abin da suke ganin shi ne daidai: suka bar cikinsa ya huta, suna jiran safiya da dirib. Sukari da gishiri suna nan a ɗakin girkinsu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, amma har yau ina jin nauyin cewa gida biyu ne tsakaninmu kuma ban leƙa ba.

Abin da nake roƙon mai karatu ya riƙe

Kwalara ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 2016 da 2017 ta zagaya jihohi, hukuma tana kiran ta “zawon ruwa”, ta ƙi ambaton sunanta. A Satumbar 2019 ta ɓulla a jihar Shuɗin Nilu ta haura Sinnar, har aka yi gangamin rigakafin ɗigo a jihohin biyu. A 2023 ta taso daga Gadarif ta shigo Jazira. A Fabrairun 2025 ta yi ɓarna a Kosti bayan an kai hari tashar lantarki, famfo ya tsaya, mutane suka koma ɗiban ruwan kogi. Ƙauyukanmu da kanabi na ma'aikatan gona, inda da yawa ke sha daga tur'a ko daga ganga a kan karo, su ne a bakin hanya duk lokacin da ta taso.

In ba a yi magani ba, kwalara mai tsanani tana iya kashe kusan rabin waɗanda ta kama. In an mayar da ruwa a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Don haka a fara bayarwa tun zawon farko, kada a jira mutum ya bushe. A haɗa da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kulorin, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Kada a nemi maganin tsayar da zawo.

Amma a san iyakar haɗin gida. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha, ko yake amai ba tsayawa, ko hankalinsa ya soma gushewa, ko fatarsa ta tsaya a tsunkule, wannan dirib yake bukata a take, ko da tsakar dare ne, kuma a riƙa ba shi a hanya in yana iya haɗiya. Ko wanda ya ji sauƙi ma a kai shi a duba shi.

A gida a rufe zir, a ware masa moɗa mai mariƙi, kada kowa ya tsoma hannu. A wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da kafin taɓa abinci. Kayan mara lafiya kada a kai su bakin kogi ko tur'a a wanke. In an yi rasuwa, masu wanka su sa safar hannu su yi amfani da ruwan kulorin, kuma kada su ɗora hannu a girkin zaman makoki.

Ranar da makarantu suka dawo daidai, in Allah Ya kai mu, zan sake rubuta cAMP a allo kamar yadda manhaja ta ce. Sai dai kafin in rubuta zan sa kowane ɗalibi ya zo da cokalin shayin gidansu, mu auna gishiri da sukari tare, ya koma ya nuna wa mahaifiyarsa. Gwaggo kuwa yanzu ita ce ke zagaya gidajen unguwa in an ce wani na zawo, da robobinta biyu a cikin mayafi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.